Uwar Sauro da Mijinta Mai Fanka

Duk unguwar babu wanda bai san gidan Uwar Sauro ba. Gida ne mai koren ƙyaure, da tsofaffin fankoki jingine a bakin ƙofa, wasu ba kai, wasu ba fiffike. Fankokin na mijinta ne, wanda ake kira Mai Fanka, domin tun da ya ajiye tuƙin motar haya ya koma gyaransu a 'yar rumfar da ya kafa a ƙofar gida. Ita kuwa a wurin aiki ta samo nata sunan, kuma ba zagi ba ne, gaskiya ce tsagwaronta: matar nan sauro take kiwo. Yadda wata ke tashi da safe ta duba kajinta, haka ita ke rataya jaka ta tafi cibiyar bincike ta duba sauronta, ta ba su abinci, ta gyara musu ɗaki.

Maƙwabta sun yi tsiyar har sun gaji. "Ke dai Allah ya shirye ki," in ji matar gidan da ke kallon nasu. "Duniya na neman yadda za ta rabu da abu, ke kina jiƙa masa sukari?"

Uwar Sauro takan yi dariya ta ce, "Nawa ba irin naku ba ne. Nawa 'yan gata ne, masu tarbiyya."

Kuma da gaskiyarta. Sauron gari ya daɗe da yin taurin kai. Maganin da ake sa wa gidan sauro, wanda a da yana taɓa shi yake faɗuwa, yanzu sai ya sauka a kansa ya huta ya tashi abinsa. Shi ya sa masana ke ta haɗa sababbin magunguna, suna aiko da sababbin gidajen sauro cibiyar a gwada su kafin a raba wa jama'a. Gwajin kuwa ba ya yiwuwa sai da sauro iri biyu. Akwai na gari, wanda wani ma'aikaci da ake kira Dogo ke zuwa ya kwaso tsutsarsa a kududdufai. Akwai kuma na Uwar Sauro, wanda tun kaka da kakanni a keji aka haife shi, bai taɓa shaƙar magani ba. Shi ne ma'auni. Idan nata ya mutu na gari bai mutu ba, an san maganin yana da kyau, na garin ne ya fi ƙarfinsa. Idan nata ma bai mutu ba, to gidan sauron ne na banza. Ba don 'yan gatan nan ba, da duk gwajin cibiyar ya zama shaci-faɗi.

Ɗakin nasu yana can ƙarshen baranda, ƙofa biyu ake wucewa kafin a shiga, kuma ba a buɗe ta biyu sai an rufe ta farko. Ciki akwai ɗumi da laima, mutum na shiga gumi ya karyo masa. A gefe ɗaya fararen tire ne jere a kan kanta, cike da ruwa, tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki, tana barbaɗa musu garin abincin kifi da bakin 'yar sanda, don in ya yi yawa ruwan ya ruɓe. A ɗaya gefen kejina ne na raga, kowanne da auduga jiƙe da ruwan sukari a samansa. Matan cikinsu ba sa yin ƙwai sai sun sha jini, don haka ake karɓo jini daga mayanka, a zuba shi a wata 'yar na'ura mai ɗumama shi, a rufe bakinta da siririyar leda mai kama da fata, su huda su sha. A kan kowane keji kuma akan shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul don kada iska ta bushe musu. Tawul ɗin nan Uwar Sauro ba ta yarda kowa ya wanke su. Gida take tafiya da su, ta wanke da sabulu marar ƙamshi, ta shanya, ta ninke, ta jera a durowar kayanta tare da zannuwanta na fita.

Aikin ya ci mata abubuwa da dama, bai kuma taɓa sa ta ƙorafi ba. Ta bar shafa turare tun tana da sauran ƙuruciya. Maganin sauro kuwa, na feshi da na kunnawa, bai isa ya tsallaka bakin ƙofarta ba, domin ɗan abin da zai maƙale a hannun riga ya isa ya yi ɓarna a ɗakin kiwo. Gidan sauro kawai suke ɗaurawa, shi ma sai ta yi wanka ta sauya kaya kafin ta fita. Saboda haka kyankyason gidan ya samu sake, yana yawo a bayan durowa kamar shi ke biyan haya, tsaka kuma ta yi ƙiba a bayan agogon bango.

Abin dariyar shi ne, a duk faɗin garin babu maƙiyin sauro kamar mijin nata. Mai Fanka ba ya jin kukan sauro ya ci gaba da magana. Ko ana tsakiyar gaisuwa ne sai ka ga idonsa ya bar ka ya bi iska, hannayensa sun buɗe a hankali, sai tas! Ya duba tafinsa ya yi hamdala. Yakan ce shi ya sa ya zaɓi gyaran fanka, don duk fankar da ya tayar ya hana sauro sakewa a wani ɗaki. Idan matar ta dawo aiki, daga cikin rumfa yake tarar ta da tsiya.

"Sannu da zuwa, Uwar Sauro. Ya yaran? Sun ci sun ƙoshi?"

"Sun ƙoshi, Baban Auta. Suna gaishe ka."

"Ba na amsawa. Ki ce musu in mun haɗu za su sani."

Mutane na ganin abin wasa ne, kuma rabinsa wasan ne. Sauran rabin kuwa su biyu kaɗai suka san shi. Kafin Auta da yayyenta, waɗanda yanzu duk sun yi aure sun watse, akwai 'yar fari. Ta fara tafiya ke nan, tana bin bango tana dariya, zazzaɓin cizon sauro ya kama ta a wata damina, kafin a kai ga asibiti jikin ya rikice. Tun daga ranar ba a ƙara kiran sunanta a gidan ba. Baƙin cikin ɗaya ne, amma kowa da inda ya kai nasa. Shi ya mayar da nasa tafin hannu. Ita kuwa da ta ji ana neman mai wankin tire a cibiyar da ke yaƙi da wannan ciwo, sai ta je. Da ƙiyayya ta shiga ɗakin, tana wanki tana harararsu. Ba ta san lokacin da ta fara sanin lafiyarsu daga yadda suke sauka a raga ba, ba ta kuma san ranar da ta fara ce musu yarana ba. Abin da ta sani shi ne, duk gidan sauro mai kyau da aka ɗaura a kan wani jariri, da hannun yaranta a ciki.

A daminar da wannan labari ya faru, an aiko da wani sabon gidan sauro da ake sa ran zai karya taurin kan na gari. Shugabar sashen, wadda kowa ke kira Dokta, ta tara su ta ce dole a gama gwaji kafin ruwa ya ɗauke, domin da sakamakon za a yanke irin wanda za a raba wa ƙauyuka baɗi. In aka rasa wannan damina, sai mutane su sake shekara da tsohon da sauro ya raina. Uwar Sauro ta ɗaura ɗamara, ta ƙara tire, ta ƙara keji. Ana cikin haka sai zazzaɓi ya kayar da ita. Hira ce ta zauna yi da maƙwabta a waje da yamma, na garin suka yi mata aika-aika.

Ta sha jiki ba kaɗan ba. Mai Fanka ya rufe rumfa, ya kai ta asibiti, ya dawo da ita, ya zauna a bakin gado yana fifita da kwali duk da fanka biyu na juyawa a kanta. Da ta warware ta koma aiki, ya raka ta har bakin titi, abin da bai saba ba, ya tsaya har motar ta ɓace.

Komawarta ba da daɗewa ba sauron suka fara mutuwa. Da safe sai ta tarar da ƙasan keji ya yi baƙi da gawarwaki, waɗanda suka rage suna tangaɗi a jikin raga. Ta sauya ruwa. Ta sauya sukari. Ta zubar da garin kifi ta buɗe sabo. Dokta ta sa aka duba na'urar ɗumi, aka binciki ko masu shara sun yi feshi a baranda, aka tarar babu. Ita kuwa Uwar Sauro, ganin yaranta ba lafiya, sai ta ƙara yi musu gata: kullum ta kawo sabon tawul daga gida, ta jiƙa, ta lulluɓe su da kyau. Kullum kuma mutuwar na ƙaruwa.

"Inna," in ji Dokta wata safiya, suna tsaye a gaban kejinan, "in muka rasa irin nan, kafin a aiko mana da wani ƙwan daga waje ya yi yawan da za a yi gwaji, damina ta wuce."

Uwar Sauro ta bi kejinan da kallo. Keji ɗaya tak ya rage mai rai, na can lungu, wanda tawul ɗinta bai kai kansa ba aka rufa masa wani tsohon zane na cibiyar. Su ma ɗin sun yi laushi, an kawo musu na'urar jini sun ƙi kulawa. Ta ji kunya, ta ji tsoro, ta kuma ji irin ɗacin da ta sani tun da daɗewa, na mai reno da abin renonsa ke tafiya tana kallo. Dokta ta ga yadda take riƙe kanta, ta ce ta je gida ta huta.

Da rana tsaka ta iso, lokacin da ba ta saba dawowa ba. Rumfa a buɗe, Mai Fanka ya tafi sayo wayar lantarki. Ta shiga ɗaki ta buɗe durowa don ta ajiye mayafi, sai ga kyankyaso kwance rigingine a kan tawul ɗin da ta ninke, ƙafafu a sama. Ta ɗaga tawul, ga wani. Ta leƙa bayan durowa, ga su nan birjik. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, babu tsaka babu alamarta. Matar da ta ƙare rayuwarta tana duban matattun ƙwari ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ta kai tawul ɗin hanci, can ƙasan ƙamshin rana ta jiyo wani ɗan wari mai kama da kananzir. Ta fita rumfa, ta ɗaga buhun da yake tara tsofaffin fukafukan fanka, ta tarar da gwangwanin feshi, ya kusa ƙarewa.

Da ya dawo ya same ta zaune a kan bencinsa, gwangwanin a cinyarta. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya ga abin da ke hannunta, ya rufe.

"Baban Auta, mene ne wannan?"

"Bayan kin fita nake yi," ya ce a hankali. "Ina buɗe tagogi, in kunna fanka duka, kafin ki dawo warin ya tafi. Na ɗauka in ba ki ji ba, shi ke nan."

"Har cikin durowa?"

"Can sauron suke ɓuya. Na gan su da idona."

"Ka kashe mini yara," ta ce. "Da hannuna na riƙa lulluɓe su da guba, ina cewa gata nake yi musu. Shekara nawa ina roƙonka abu ɗaya?"

Ya zauna a ƙasa, kan wani kan fanka da ya cire, ya daɗe yana juya wayar da ya sayo a hannunsa. Da ya yi magana, bai kira ta da sunan tsiya ba.

"Maman Auta, ke ba ki san abin da kika yi ba da zazzaɓin nan ya hau ki. Sunan yarinyar nan kika riƙa kira. Kina miƙa hannu kina cewa ta zo. Ni kuma ina zaune da kwali a hannu, kamar wancan karon. Na ce wallahi ba za su karɓe mini ta biyu ba ina kallo."

Fushin da ta taho da shi ya rasa inda zai zauna. Ta so ta riƙe shi, don tana da gaskiya, amma ta dubi tsohon nan da furfura ta cinye masa gemu, mutumin da bai iya faɗin tsoro ba sai dai ya saya masa gwangwani, sai tausayinsa ya rufe ta. Can ya tambaye ta ko duk sun mutu. Ta ce saura keji ɗaya, kuma sun ƙi shan jinin na'ura. In sauro ya yi laushi haka, ba abin da ke tayar da shi sai ɗumin fatar mutum. A da ita ke ba su hannunta, amma yanzu Dokta ta hana, tunda ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, kada a sa wa sauro masu tsabta ciwo. Dogo yana can ƙauye wajen kwasar tsutsa. Dokta kuwa cizo ɗaya ke kumbura mata hannu har kafaɗa. Maigadi da aka tuntuɓa ya rantse ya maya cewa shi gadin ƙofa aka ɗauke shi.

Mai Fanka ya miƙe ya hau tattara kayan aikinsa. Washegari da safe ta fito ta tarar ya yi wanka da sabulunta marar ƙamshi, ya sa rigar da ya aro a maƙwabta don nasa kayan duk sun sha feshi, yana tsaye a bakin ƙofa.

"Ina zuwa haka?"

"Gaishe da yara," ya ce, bai dube ta ba.

A cibiya Dokta ta saurari labarin duka, ba ta yi faɗa ba, sai ma ta juya baya ta yi kamar tana gyara gilashi. Ta sa aka kwashe tawul ɗin gaba ɗaya, aka wanke kantoci. Sannan ta ɗebi jininsa a yatsa ta gwada, ta tabbatar ba shi da zazzaɓi, ta zaunar da shi ta yi masa bayani.

"Baba, waɗannan a nan aka haife su, ba su ɗauke da ciwon komai. Ƙaiƙayi kawai za ka sha. In ka ji ba za ka iya ba, ka faɗa, babu dole. Sharaɗi ɗaya ne: ba a motsi, ba a duka."

"Ba a duka," ya maimaita, kamar wanda aka ce ya bar numfashi.

Aka sa masa farar riga, ya wuce ƙofa ta farko da ta biyu. Ya dubi rufin ɗakin ya girgiza kai. "Ɗaki ba fanka. Lallai 'yan gata ne." Uwar Sauro ta zaunar da shi a kujerarta, ta naɗe masa hannun riga, ta ɗora damtsensa na hagu a kan ragar kejin.

Da farko ba abin da ya faru. Sai guda ta taso daga lungu tana layi, ta sauka a ragar da ke ƙarƙashin damtsensa, ta soka baki ta cikin raga. Wata ta biyo ta, wata ta biyo. Kukan nan da ya tsana fiye da komai a duniya ya cika masa kunne. Gumi ya karyo masa, jijiyar wuyansa ta tashi. Uwar Sauro na kallon cikin sauron yana cika yana yin ja, tana addu'a a zuci, sai ta hango hannunsa na dama ya baro gwiwa, tafin ya buɗe, yana tasowa a hankali ba da saninsa ba. Ta kama hannun ta riƙe da nata biyu. Ba ta taɓa riƙe hannunsa a gaban mutane ba, amma ko ta kan Dokta ba ta bi ba.

"Yi haƙuri, Baban Auta," ta ce ƙasa-ƙasa. "Waɗannan ba su taɓa cizon ɗan kowa ba."

Ya dubi kejin ya daɗe. "Gidan sauron da za a gwada da su," ya ce, "da a ce akwai shi a lokacin, da ya tsare ta?"

"Allah ne ya sani. Amma zai tsare na wasu."

Ya gyaɗa kai, ya bar hannunsa a cikin nata. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce zafin ɗakin ne, ba wanda ya musa masa.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su yana susa yana mita, damtse duk ya yi rudu-rudu, duk wanda ya kawo gyaran fanka sai ya nuna masa. Uwar Sauro kuwa kullum da safe jiƙaƙƙiyar takardar da ta shimfiɗa a ƙasan kejin take fara dubawa, ta tarar da ita fara fat. Ran nan ta ɗaga ta zuwa haske, sai ta ga wani baƙin abu ya barbazu a kai, siriri kamar an zuba garin kwalli. Ta kira Dokta da ƙarfin da ba a taɓa jin ta yi ba. Dokta ta duba, ta sake dubawa, ta ce in aka lallaɓa su za su isa gwaji kafin ruwa ya ɗauke.

Da yamma ta dawo, tun daga nesa ta hango shi a rumfa, ya ajiye aiki yana kallon hanya. Yau bai yi tsiya ba, ido kawai ya zuba mata.

"Sun yi ƙwai," ta ce.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗauki sukundireba ya ajiye, ya sake ɗauka. Ya sosa damtsen nan nasa, ya yi gyaran murya.

"To, madalla," ya ce. "Su kuma in sun ƙyanƙyashe, yaushe za su ci? Ki gaya mini da wuri, kada in karɓi aikin kowa ranar."